Kujerar Jirgi Ɗanyen Kaya Ce

Wata ranar Alhamis a ƙarshen Agusta, an idar da Magariba ke nan, ɗan yayata ya yi sallama ya shigo da waya a hannu, fuska a murtuke. Da hantsin ranar bizarsa ta karatu a Ingila ta fito, uwarsa har ta sa an soya waina an raba sadaka. Da la'asar ya buɗe shafin kamfanin jirgi, sai murna ta koma ciki. Kuɗin da ya gani a watan Afrilu, wanda a kansa aka ɗora lissafin tafiyar gaba ɗaya, ya kusa ninka kansa. Mahaifinsa kuwa ya riga ya sayar da fili ya biya kuɗin makaranta, babu sauran abin taɓawa a gidan.

"Kawu, wallahi mutanen nan cutarmu suke yi. Jirgi ɗaya, kujera ɗaya, nisa ɗaya. Me ya canza?"

Na ce ya zauna ya sha ruwa tukuna. Abin da na faɗa masa a daren nan shi nake so ku ji, ku ƙannena da 'ya'yana masu shirin ƙetare hazo, ko karatu za ku, ko ziyara, ko fatauci.

Abin da ya canza shi ne wata. Lokacin da mu nan damina ta kankama, manomi yana maimai, ana marka kwana da kwanaki, shi ne lokacin da Turawa ke cikin bazararsu. Ba irin tamu ba ce mai sa mutum kwana a tsakar gida. Tasu lokacin shaƙatawa ne, wanda suke jira shekara guda. Makarantun Ingila suna tashi hutu a ƙarshen Yuli, ba sa komawa sai farkon Satumba. A Faransa watan Agusta kamar an share gari ne, kowa ya rufe shago ya nufi bakin teku. Amurkawa tun Yuni suke farawa. A daidai wannan lokaci 'yan uwanmu mazauna can suke kwaso yara su kawo su ganin kakanni, masu hali a nan kuma su kwashi nasu su tafi hutu. Ƙarshen Agusta na yi, duk waɗanda suka zo za su juya a tare, domin makaranta ba ta jira.

Sai ga ku sababbin ɗalibai kun faɗo cikin turmutsutsun, kuma ba da son ranku ba. Dokar Birtaniya ba ta yarda mai bizar dogon karatu ya shiga ƙasar fiye da wata guda kafin ranar fara karatunsa ba. Amurka ma kwana 30 ta yanke. Ke nan duk ɗalibin da zai fara a Satumba, daga Kano ko Akara ko Legas, ƙofa ɗaya aka buɗe masa, kuma ita ce ƙofar da masu komawa daga hutu suke ta ture-ture a bakinta.

Yanzu ku fahimci yadda ake sayar da kujerar. Kujerar jirgi ɗanyen kaya ce, ta ma fi tumatir saurin lalacewa. Mai tumatir in bai sayar yau ba, zai yanka ya shanya ya yi kauɗa. Jirgi kuwa da zarar an rufe ƙofa, kujerar da ba kowa a kanta ta zama asara har abada. Saboda haka kamfanoni suka raba kujerun talakawa, waɗanda a ido duk iri ɗaya ne, zuwa kashi-kashi, kowane kashi da harafinsa da farashinsa. 'Yan kaɗan ake warewa a kashi mafi araha. In suka ƙare, sai kwamfuta ta rufe shi ta buɗe na sama da shi, haka har a kai ƙololuwa. Shi ya sa za ka zauna kafaɗa da kafaɗa da wani, a miƙo muku shinkafa da kaza iri ɗaya, alhali ya biya rabin abin da ka biya. Bai fi ka uwa a gindin murhu ba. Riga ka ya yi.

Wannan dabara a Amurka ta yi ƙarfi, bayan da gwamnatinsu ta cire hannu daga ƙayyade kuɗin jirgi a 1978. Wani kamfani mai arahar tsiya, People Express, ya taso yana kwashe fasinjoji. A 1985 American Airlines, ƙarƙashin Robert Crandall, ya mayar da martani: ya ware wasu kujeru ya karya farashinsu ga masu saye da wuri, ya bar sauran da tsada ga 'yan kasuwa masu tafiyar gaggawa, kwamfuta na lissafa nawa za a ware a kowane tashi. Ba a yi shekara uku ba People Express ya bi ruwa. Tun daga nan duniya ta ɗauka. To ka ga ba wani magatakarda ne ke zaune yana ƙara maka kuɗi don ya ga sunanka Bahaushe ba. Na'ura ce ke ƙirga kujerun da suka rage da kwanakin da suka rage.

A nan ne da yawa ke yin kuskure. Sun saba da kasuwar gwari, inda in yamma ta yi mai kaya ke kiran "zo ka ɗauka yadda ka taya". Sai su ce bari su jira daf da tafiya, kamfani zai karyar. A lokacin da ba kowa, hakan kan faru jefi-jefi. Amma a Agusta kujerar jirgi ta tashi daga tumatir ta koma ragon layya a shekarar da raguna suka yi ƙaranci. Kamfanin ya san jirginsa zai cika ko da kai ko ba kai, kuma ya san wanda ya zo a makon ƙarshe dole ce ta kawo shi.

Mu 'yan Najeriya kuma agogo biyu ne ke buga mana. Na farko shi ne wannan na kujeru. Na biyu dala. Kuɗin tikitin waje da dala ake yanka shi, sannan a juya shi zuwa naira a farashin ranar. Kuna iya tuna abin da ya faru a 2022 da 2023, lokacin da kamfanonin waje suka sayar da tikiti da naira suka kasa samun dalar da za su fitar da kuɗinsu. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kuɗin da suka maƙale sun kai kimanin dala miliyan 850 a Yunin 2023. Me kamfanonin suka yi? Suka toshe kason araha ga duk mai saye daga Najeriya, suka bar masu tsada kawai. Emirates ma tattara komatsansa ya yi a ƙarshen 2022, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba 2024. A wannan Yunin na 2023 ne kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, tikiti ya ƙara yin tashin gwauron zabo. Sauƙi bai fara samuwa ba sai da Babban Banki ya biya mafi yawan bashin, kuma Air Peace ya fara tashi daga Legas zuwa Gatwick a Landan ranar 30 ga Maris 2024. Nan da nan waɗanda suka daɗe suna cin karensu babu babbaka a wannan hanya suka sauko da farashi. Na kawo wannan ne don ku riƙa sauraron labarai. Sabon kamfani a hanya, ko motsin dala a kasuwar canji, yakan yi wa aljihunka abin da wayon intanet duka ba zai yi ba.

To yaushe za a saya? Ga mai biza a hannu, amsar gajeriya ce: ba a fafe gora ranar tafiya. In tafiyar ta Yuli ko Agusta ce, ya kamata ka fara leƙa farashi wata huɗu ko biyar kafin nan, ka san yadda yake hawa da sauka, in ka ga wanda aljihunka zai ɗauka ka saya ka huta. Kada ka tsaya jiran mafi arahar da ba a taɓa gani ba. Na san mutanen da garin jiran ragin dubu ashirin suka biya ƙarin dubu ɗari biyu.

Ɗalibi ne ke cikin tsaka mai wuya. In ya saya kafin biza ta fito, aka hana shi, tikitin araha ba a mayar da kuɗinsa, in ma an mayar to an yanke masa fiye da kima. In ya jira biza, farashi ya gudu ya bar shi. Ni dai a ganina maganin ba a wurin tikitin yake ba, a wurin bizar yake. Birtaniya tana karɓar takardar neman bizar karatu tun saura wata shida a fara, Amurka kuwa tana iya bayarwa tun saura shekara guda. Abin da ke jawo jinkiri galibi daga wajenmu ne: kuɗin ajiyar makaranta da ba a tura da wuri ba, takardar shaidar gurbi da ba a matsa an karɓo ba, gwajin tarin fuka da aka yi ta ɗagawa, kuɗin da ya kamata su kwanta a asusu na kwanakin da doka ta ce amma aka zuba su a makare. Duk makon da ka ɓata a Mayu, a Agusta za ka biya kuɗinsa. In kuwa dole sai ka saya kafin bizar ta fito, ƙara kuɗi ka sayi wanda ake iya canza wa rana, kuma ka karanta sharaɗin da idonka. Ka tambayi rangwamen ɗalibai ma. Kamfanoni irin su Qatar Airways da Turkish Airlines suna da shi, yakan zo da ƙarin kilo da sauƙin canza rana. Ba sa bin mutum da shi, sai wanda ya nema.

Bayan sammako, babban makaminka shi ne sassauci. Shafuka irin su Google Flights da Skyscanner suna nuna farashin wata guda a jere kamar kalanda, kuma za ka iya sa su riƙa aiko maka da saƙo in ya motsa. Da ka duba za ka ga tashin Talata da Laraba yakan fi na Juma'a zuwa Lahadi sauƙi, za ka kuma ga wani lokaci kwana uku kacal ne tsakanin tsada da dama-dama. Wanda ba makaranta ce ta ɗaure shi ba, kamar mai zuwa ganin ɗan uwa ko sarin kaya, ban ga dalilin da zai cusa kansa cikin Agusta ba. Ya bari sai Oktoba ko Nuwamba, ko bayan hayaniyar Kirsimeti ta lafa, wajen Fabrairu. Wannan shi ne ragi mafi girma da na sani, kuma ba ya buƙatar wayo ko kaɗan. Mai bi ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha kuma ya sa kalandar Musulunci a lissafi, don alhazai da masu Umarar azumi suna cika waɗannan hanyoyi. Hajjin 2024 da na 2025 duk a Yuni suka faɗo, a bakin bazarar Turawa, amma da yake kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, sannu a hankali yana fita daga cikinta.

Akwai maganganun da ake yawo da su, wai sai ka saya da tsakar daren Talata, wai sai ka ɓoye kanka a intanet kada kamfani ya gane kana nema. Na gwada su duka, barcina kawai na yi asara.

Sai zancen inda za ka tashi. Mu Kanawa muna da alfahari da filin jirginmu, kuma da gaskiyarmu: a Kano jirgi ya fara sauka a ƙasar nan tun 1925. Amma yau jiragen da ke fita waje daga filin Malam Aminu Kano 'yan kaɗan ne in aka kwatanta da Abuja da Legas, kuma inda masu sayarwa suka yi yawa nan farashi ke sauka. Duba duka ukun. Sai dai ka yi lissafi na gaskiya. In Legas ta fi araha, ɗora kuɗin jirgin cikin gida, da kuɗin ƙarin kaya tunda na gida ba sa ba da kilo irin na waje, da kwanan otal, don wanda ya san halin jiragenmu ba zai yarda ya taso ranar da zai fita ba. Haka a can ɗaya gefen: mai karatu a arewacin Ingila da ya sauka Landan don araha, jirgin ƙasan da zai kai shi Manchester ko Newcastle in bai saya da wuri ba zai iya cinye ribar duka.

Jirgi mai yada zango kusan kullum ya fi mai tafiya kai tsaye sauƙi, kuma matashi mai jini a jika ba abin da zaman awa biyar a Addis Ababa ko Kasabalanka zai rage shi da shi. Amma a nan ramuka biyu suke, kuma na taɓa faɗawa ɗaya.

Na farko bizar wucewa. Mai fasfon Najeriya ko na Ghana ba ya canza jirgi a Faris ko Amsterdam ko Frankfurt haka kawai, ko da ba zai fita daga filin jirgin ba. Sai da bizar wucewa, in ba yana riƙe da wata takarda da ta ɗauke masa ba, kamar bizar Amurka ko ta Kanada. Landan ma tana da irin wannan doka. Shafin da ya sayar maka da tikitin ba ruwansa, a kantar awon kaya za a dube ka a ce ba za ka hau ba.

Na biyu shi ne haɗa tikiti biyu da kanka. Shekarun baya na ga in na sayi tikiti zuwa wani gari daban, na sake sayen wani daga can zuwa inda za ni a wani kamfanin, zan rage kuɗi mai kauri. Na bar awa uku tsakani, ina ta yaba wa kaina. Jirgin farko ya yi lattin awa biyu da rabi. Na sauka, na tsaya jiran akwati tunda ba za a wuce mini da shi ba, na ja shi da gudu har tayarsa ɗaya ta cire, na iso kanta ina haki. Matar da ke wurin ta duba na'urarta, ta ce cikin ladabi an rufe, kuma tunda ba su suka kawo ni ba, lattina ba nasu ba ne. Na sayi sabon tikiti a farashin ranar. Na kwana a kan benci na ƙarfe mai hannuwa a tsakiya, wanda aka ƙera musamman don kada a miƙe a kai, na yi matashi da jakata, na yi Asuba a wani lungu kusa da injin sayar da lemo. Da a tikiti ɗaya tafiyar take, kamfanin ne zai nema mini wani jirgin, wataƙila har da ɗaki da abinci. Garin neman gira na rasa ido.

Ku kula da kaya ma. Yawancin jiragen da ke tashi daga nan suna ba da akwati biyu masu kilo 23 kowanne, amma yanzu akwai tikitin da ake rage wa kuɗi a cire akwati ɗaya ko duka. Jiragen araha na cikin Turai irin su Ryanair da easyJet kuwa kujerar kawai suke sayar maka, komai bayan ita da kuɗinsa. Mu kuma ba ma tafiya hannu rabbana. Ga kuka, ga kuɓewa busasshiya, ga daddawa da yaji, ga saƙon maƙwabciya zuwa ga ɗanta. Auna a gida kafin ka fita. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ku bar su, Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu. Ka biya kuɗin kilonsu, a ƙwace a zuba a shara kana kallo.

Ban hana ku zuwa wurin ejan ba. Ejan na ƙwarai, mai ofis da rajista, ya san hanyoyin da ba za ka gano da kanka ba, kuma ranar da jirgi ya soke tashi kana da wanda za ka kira da Hausa. Amma ku san bambancin kama kujera da sayen tikiti. Kama kujera alƙawari ne na ɗan lokaci, yana zuwa da lamba mai harufa shida, in ba a biya ba ya goge da kansa. Tikiti na gaskiya yana da lamba 13, ukun farko na kamfanin ne: 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 157 Qatar Airways, 235 Turkish Airlines. Mutane da yawa sun biya kuɗi cif, an miƙa musu takarda mai tambari da launi, sun je filin jirgi da 'yan rakiya mota biyu, aka ce babu sunansu. Kafin ka bar ofishin, buɗe shafin kamfanin a wayarka, sa lambar da sunan mahaifinka kamar yadda yake a fasfo, ka ga tikitin da idonka. Duba harufan sunan ɗaya bayan ɗaya. Muhammad da Mohammed a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin na'ura mutum biyu. Wanda kuwa ya tallata maka tikitin rabin kuɗi a WhatsApp, ya ce ka tura yanzu-yanzu kafin a rufe, ka yi masa fatan alheri ka wuce. Wani da katin sata yake saye, ranar da mai katin ya farga a soke tikitin kana tsakiyar tafiya.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa wa mutane ba: in ka ƙi hawa zangon farko na tikitinka, sauran duk sun mutu, har da na dawowa. Kada ka sayi Kano zuwa Doha ta Abuja ka ce ai kana Abuja, bari ka tare shi a can.

Daren nan ni da ɗan yayata mun kai ƙarfe goma sha ɗaya a kan tabarma, waya a jone da caji. Ya so tashi ranar Asabar daga Kano don abokansa su raka shi. Muka mayar da ita Laraba, daga Abuja, ta Addis Ababa, zaman awa shida a tikiti ɗaya. Muka rubuta wa makarantar muka tabbatar ranar ƙarshe ta rajista ta ba shi sarari. Bai koma farashin Afrilu ba, wannan ya riga ya wuce, amma ya sauko inda gudummawar dangi za ta iya kaiwa. Ranar Talata da sassafe muka sa shi a mota a tashar Unguwa Uku, bayan uwarsa ta ɗora akwatin a ma'aunin mai sayar da gas na bakin layi har sau uku, tana cire ƙullin garin kunu tana mayarwa.